Kafin ku miƙa wa yaro wayarsa ta farko: matakan da za ku bi ɗaya bayan ɗaya

Iyaye sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: "Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a saya masa waya?" Ba na ba da adadi. Akwai ɗan shekara 11 da za ka ba shi waya ka yi barcinka, akwai ɗan 15 da za ka ba shi ka jawo wa kanka tashin hankali, kuma abin da ya raba su shi ne tarbiyyar da suka samu tun wayar tana hannun iyayensu. Shi ya sa sayen wayar ya zo can kusa da ƙarshe a wannan jagora. Duk abin da ya gabace shi da wayar da ke aljihunku yanzu za a yi, kuma kusan babu wanda zai ci muku kuɗi. Ku ware wa aikin aƙalla wata shida. In yaron ƙarami ne, shekara biyu ma ba ta yi yawa ba.

1. Ku haɗa baki, sannan ku duba hannunku

Uwa da uba, da duk wani babba da yaron ke wuni a wurinsa, ku zauna ku tsayar da magana ɗaya. Yaro gwani ne wajen gano inda ake da sassauci: Baba ya hana, ya lallaɓa wurin Mama, ita ma ta hana, ya koma gun yayarsa. Dokar da mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da ita a gida ba ta kai mako.

Bayan haka kowa ya buɗe saitin wayarsa. A iPhone akwai Screen Time, a Android akwai Digital Wellbeing, dukansu suna nuna awa nawa aka yi a kan waya a rana da manhajar da ta cinye lokacin. Da yawanmu za mu ji kunyar abin da za mu gani. Yaron da ya saba yi wa mahaifinsa magana ana amsa masa da "uhm" ba a ɗago kai ba, ya riga ya ɗauki darasinsa na farko.

Ku fara abu biyu daga yau. In za ku ɗauki waya a gabansa, ku faɗi dalili: "Zan amsa saƙon wurin aiki, minti biyu in ajiye." Kuma ku ajiye ɗin. Na biyu, ku riƙa neman izininsa kafin ku tura hotonsa ga kowa. Da haka zai gane cewa hoton mutum nasa ne, sai da yardarsa ake yaɗa shi.

Gargaɗi: kada ku kafa dokar da ku kanku ba za ku iya bi ba. Gara doka biyu da ake kiyayewa da goma da ake karyawa.

2. Ku ƙayyade lokaci da wuri

Ga ƙananan yara akwai ma'auni a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban waya ko talabijin, sannan daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta keɓe kiran bidiyo da 'yan uwa daga wannan hani, domin hira ce da mutum.

Ga wanda ya shiga makaranta, ku yi lissafin daga baya. Ku fara cire barci: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ku cire makaranta, da aikin gida, da aƙalla minti 60 na guje-guje da motsa jiki. Abin da ya rage, daga cikinsa ne waya za ta samu rabonta, ba duka ba.

A ganina dokar wuri ta fi dokar lokaci sauƙin riƙewa, don ba ta buƙatar agogo ko gardama. Babu waya a ɗakin kwana, babu ita lokacin cin abinci, babu ita awa ɗaya kafin barci. Ku zaɓi wuri guda a fili inda kowace waya a gidan za ta kwana tana caji, har da taku. In da ƙararrawar waya kuke tashi, ku sayi ƙaramin agogon tebur. Yana cikin 'yan abubuwan da za ku kashe wa kuɗi a duk wannan aiki.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mayar da waya abin rarrashi. Yaro ya fara kuka, a danƙa masa ita don a huta. Sau uku kawai yake buƙata ya gane cewa kuka ne kuɗin sayenta.

3. Ku ara masa taku, kuna zaune tare

Kamar tsallaka titi ne: ana riƙe da hannunsa ake koya masa, ana nuna masa inda mota ke ɓullowa.

Kafin ku miƙa masa, ku kulle wayar a kan manhaja ɗaya. A iPhone sunan abin Guided Access, a Android kuma App pinning, yana sashen tsaro na saiti. In kun kunna, ba zai iya fita ya shiga saƙonninku ko manhajar banki ba sai da lambarku. In bidiyo zai kalla, ku yi amfani da YouTube Kids, ku zaɓi tsarin da ba ya nuna komai sai tashoshin da kuka amince da su, ku kashe sautin sanarwa. A babban YouTube ku kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa.

Babban darasin wannan mataki shi ne ajiyewa. Kowa ya iya ɗauka. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara: "Biyu za ka kalla." Idan na biyun ya kusa ƙarewa ku tuna masa. Da ya ƙare, kada ku fizge. Ku miƙa hannu ku jira, shi zai danna ya kashe, shi zai ɗora muku a tafin hannu. Ranar farko zai kalli hoton bidiyo na gaba da ya riga ya bayyana, ya kalle ku, yatsansa na rawa a kai, ya ce, "Mama, ɗaya kacal." Ku bar hannunku a miƙe. Ranar da ya ajiye ba gardama, ku yaba masa a take. Ranar da ya yi bori, gobe babu, jibi a sake gwadawa. Ku riƙa tsayar da shi a ƙarshen labari ko ƙarshen zagayen wasa, domin katse shi a tsakiya neman rigima ne kawai.

In ya kai shekara bakwai ko takwas, ku fara tona masa asirin abin. Ku nuna masa talla ku tambaye shi, "Wa ya yi wannan? Me yake so ka yi?" Ku bayyana masa cewa da gangan aka tsara manhajoji da yawa ta yadda ba su da ƙarshe, domin daɗewarsa a ciki ita ce ribarsu. Yara ba sa son a raina musu wayo, kuma wannan ya fi "waya ba ta da kyau" shiga kunnensu.

Gargaɗi: ko a manhajar yara, tacewar ba ta kama komai. Ku zauna kusa, sauti a buɗe.

4. Abin da ba a faɗa, abin da ba a turawa

Ya haddace su kamar yadda ya haddace sunansa: cikakken suna, adireshin gida, sunan makaranta, lambar waya, ranar haihuwa, kalmar sirri, da inda yake a yanzu. Ba a ba wanda aka haɗu da shi a intanet ko ɗaya daga ciki. Ku ƙara da lambobin nan da ke shigowa ta saƙo, irin guda shida da WhatsApp ke turowa. Duk wanda ya nemi a karanto masa su, asusun yake son sacewa, ko da da sunan aboki ya zo.

Sannan ku ɗauko wani hotonsa ku duba tare. Bajen makaranta ya fito a riga? Ana ganin lambar gida ko ta mota a baya? Ku ɗauki hoton fuskar wayar a gabansa, ya ga da idonsa cewa saƙon da aka ce yana ɓacewa ana iya adana shi cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin da za ku ba shi mai sauƙi ne: abin da ba zai so malaminsa da kakarsa su gani ba, kada ya tura, kada ya rubuta, kuma kada ya yaɗa na wani.

Kalmar sirri kuwa, ku koya masa haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna. Tsawo ya fi ƙarfi, kuma ya fi sauƙin tunawa. Iyaye kaɗai ke saninta, ban da aboki komai kusancinsu.

5. Ku gwada shi da baƙo na ƙarya

Wa'azi ba ya isa a nan, sai an yi atisaye. Ɗayanku ya zama baƙon, ya riƙa yi wa yaron magana kamar a cikin wasan gem:

"Kai, ka iya wasan nan! Shekararka nawa? Ni ma 12. Zan turo maka kyauta, amma mu koma wata manhajar mu yi hira mu biyu. Kada ka gaya wa Babanka, ba zai gane ba."

Ku tsaya ku tambaye shi abin da ya lura da shi. A cikin 'yan layukan nan akwai alamomin da masu yaudarar yara suka saba bi: yabo, kyauta, jan yaro zuwa keɓantaccen wuri, da neman a ɓoye wa iyaye. Daga baya sai neman hoto, sai gaggawa da barazana. Ku sake wasan da salo daban-daban: saƙon cewa ya ci gasa ya danna nan, wanda ya ce shi ɗan uwa ne ya canza lamba, yarinyar da ta turo hoto ta ce shi ma ya turo nasa. Ku gaya masa cewa yanzu ana ƙirƙirar hoto da murya da kwamfuta, don haka ganin fuska ko jin murya bai tabbatar da komai ba.

Amsar da zai koya guda ce: kada ya amsa, kada ya goge, ya kawo muku. Ku kuma sai ku adana sunan asusun da saƙonnin, ku kai rahoto a cikin manhajar, ku toshe mutumin.

Kada ku ɗauka 'yan mata kaɗai ake farauta. A Disamba 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan 'yan damfarar da ke yaudarar yara, akasari maza matasa, su karɓi hoton tsiraicinsu sannan su nemi kuɗi. In hakan ta faru, kada a biya, domin biya ba ya tsayar da su. A kai ƙara wurin hukuma. Akwai kuma Take It Down, wani shafi na kyauta da cibiyar NCMEC ta Amurka, mai kare yara daga ɓacewa da cin zarafi, ke gudanarwa, wanda ke taimakawa a cire hotunan 'yan ƙasa da shekara 18 daga dandalin da ke cikin shirin, ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Gargaɗi: in akwai hoton tsiraicin yaro a cikin saƙonnin, kada ku kwafe shi ko ku tura wa wani da sunan hujja. A ƙasashe da yawa wannan laifi ne. Ku bar shi inda yake, ku nuna wa hukuma.

6. Alkawarin da ya fi kowane saiti

In za ku tsallake wani mataki, kada ya zama wannan. Yawancin yaran da ke ɓoye abin da ya same su a intanet, tsoron a ƙwace wayar ne da tsoron faɗa ke rufe musu baki, kuma mai yaudara ya san haka, da shi yake aiki. Ku kalli yaron ku ce masa: "Duk abin da ka gani ko aka turo maka, ko da kai ne ka yi kuskure, in ka zo ka faɗa mini da bakinka, ba zan ƙwace ba, ba zan yi maka ihu ba. Tare za mu gyara."

Zai gwada ku da ƙaramin abu tukuna. Wata rana zai zo ya ce ya ga wani hoto marar kyau, yana magana yana karantar fuskarku. In kuka zabura kuka ce, "Me ya kai ka can?", kun rufe ƙofar, kuma babban abu ba zai zo muku ba. Ku haɗiye, ku ce, "Ka kyauta da ka faɗa mini. Nuna mini inda ya fito." Horo yana nan ga wanda ya ɓoye ko ya karya doka da gangan, ban da wanda ya kawo kansa. Ku kuma zaɓa masa wani babba guda da kuka yarda da shi, wanda zai iya zuwa wurinsa in maganar ta yi masa nauyi a gabanku.

7. Ido, kunne, wuya

Duk minti 20 ya ɗago ya kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Wayar ta yi nesa da fuska, kada ya kalla a cikin duhu. Wasa a waje da rana yana rage haɗarin raunin gani na nesa, shi ya sa makarantun Taiwan suka ɗauki tsarin minti 120 a waje kowace rana. Na'urar sauraro ta kunne kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sauti. In kuna yi masa magana daga kusa bai ji ba, ta yi yawa.

8. Kuɗin da ke ɓoye a cikin "kyauta"

Wasanni da yawa kyauta ake sauke su, a ciki ake cin kuɗin: Robux a Roblox, V-Bucks a Fortnite, lu'ulu'u a wasu. An sauya wa kuɗin suna ne don kada a ji zafin fitarsa. Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2014 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla miliyan 19, kan sayayyar da yara suka yi ba da izini ba. A 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 kan batun sirrin yara da cajin da mutane ba su nufa ba.

Ku zauna da yaron ku mayar da kuɗin wasan zuwa kuɗi na gaske, ya ga abin da riga ɗaya ta cikin gem za ta iya saya a zahiri. Kada ku taɓa adana katin banki a wayar da yake taɓawa.

9. Ku auna shi, sannan ku zaɓi na'ura

Ya shirya ne in yana ajiye wayarku ba rigima, yana kula da kayansa ba ya yawan ɓatarwa, yana gama aikin makaranta ba sai an bi shi ba, kuma ya taɓa kawo muku wani abu da kansa. In biyu daga ciki sun gaza, ku jira. "Duk 'yan ajinmu suna da ita" ba hujja ba ce, kodayake magana da iyayen abokansa ku jinkirta tare tana rage masa jin an ware shi.

Ku tambayi kanku me ake buƙata. In kira ne don ku san inda yake, ƙaramar waya mai maɓalli ta wadatar, ga araha, ga riƙe caji. In karatu ne, kwamfutar gida a inda kowa ke wucewa ta fi. In babbar waya ce dole, tsohuwa mai lafiya ta isa, muddin har yanzu tana karɓar sabuntawar tsaro. Ku lissafa da riga da gilashin kariya, da data ta kowane wata, ku kuma yanke tun yanzu wa zai biya in fuskar ta fashe.

10. Ku saita ta kafin ya gan ta

Saiti bayan wayar ta shiga hannunsa ihu ne bayan hari. Ku bi wannan jeri:

In tsohuwa ce, ku goge komai ta koma kamar sabuwa. A Android, ku sauke Family Link a wayarku, ku buɗe wa yaron asusun Google nasa ta ciki, ku shiga da shi a wayarsa. A iPhone, ku buɗe asusun yaro ta Family Sharing, ku kunna Screen Time da Ask to Buy. Duka kyauta ne. Daga nan ku sa sai da izininku za a sauke manhaja ko a sayi wani abu, ku sa iyakar awanni da lokacin da wayar za ta kulle da dare, ku kunna SafeSearch, mai tace batsa daga sakamakon bincike, ku taƙaita manhajoji bisa shekarunsa. Alamomin PEGI na 3, 7, 12, 16 da 18 da ke jikin wasanni da yawa, masu nuna shekarun da wasan ya dace da su, za su taimaka. Ku hana kamara liƙa wurin da aka ɗauki hoto, ku kashe sanarwar duk abin da ba kira ko saƙon 'yan gida ba. Mai son ƙarin kariya a Android ya shiga Private DNS ya rubuta family.cloudflare-dns.com, wanda ke toshe shafukan batsa da na cutar da waya, shi ma kyauta.

Gargaɗi: ku sa ranar haihuwarsa ta gaskiya. In kuka ƙara masa shekaru don a wuce da sauri, kun kashe kariyar da hannunku, kun kuma koya masa ƙarya. Lambar da ke kulle saitin kada ta zama wadda kuke buɗe wayarku da ita, domin ya daɗe da haddace ta.

Dandalin sada zumunta su jira. Facebook, Instagram, TikTok da Snapchat duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. Asalin adadin dokar Amurka ce ta 1998 kan tattara bayanan yara, ba wai likitoci ne suka ce ɗan 13 ya isa ba. Ostireliya ma ta ɗaga nata zuwa 16 daga Disamba 2025.

11. Ranar miƙawa da watan farko

Ku rubuta yarjejeniya a shafi ɗaya, tare da shi, da kalmominsa: inda wayar ke kwana, awanninta, wa ya san kalmar sirri, me zai faru in an karya doka, da alkawarin da kuka yi masa a mataki na shida. Ku ma ku sa hannu a kan naku dokokin. Ku faɗa masa a fili cewa wayar taku ce, aro kuka ba shi, kuma za ku riƙa dubawa a gabansa. Ba na goyon bayan manhajojin leƙen asiri na ɓoye. Ranar da ya gano, kuma zai gano, sai ya koma wayar aboki inda idonku ba ya kaiwa.

Ku fara da kira da saƙo da manhajoji biyu ko uku. Sau ɗaya a mako ku zauna minti 15, ku buɗe rahoton amfani tare, ku tambaye shi abin da ya ba shi dariya da abin da ya ɓata masa rai, musamman a zaurukan hira na 'yan ajinsu, inda tsokana da cin zali suka fi faruwa. In wata ya wuce lafiya, a ƙara manhaja ɗaya ko rabin awa. In kun ga barci ya lalace, ko makin makaranta na sauka, ko yana kife wayar da sauri in kun shigo, ko ya daina abubuwan da yake so a da, ku rage awanni, ku koma mataki na uku na mako biyu. In kuwa abin ya kai ga ya daina zuwa makaranta, ko yana maganar cutar da kansa, ku kai shi wurin likita a ranar.